Filawil mai sifirin ko dunƙulalle, wanne zaka saka?

In dai an sauke giyabos to kawai ka canza kulochi gaba ɗaya, faranti da kaba da biyarin, dan kuɗin aikin saukewar ɗaya ne, ba sai bayan wata uku ka dawo gareji ba. Inda ake gardama shine filawil, wato faifan ƙarfen dake bayan inji wanda farantin kulochi ke mannewa a jikinsa.

Motoci irinsu Passat da Sharan masu dizil yawanci da mai sifirin suke zuwa, gida biyu ne da sifirin a tsakani yana shanye girgizar inji, shiyasa in ka shiga cunkoson Kawo kana taka kulochi kana saki motar bata karkarwa. Amma akwai tsada wallahi, kuma in sifirin ɗin ya saki ba'a gyarawa sai dai sabo, na kamfanin LuK ko Sachs. Ɗan Beljiyam da zaka samu a Panteka kuwa sa'a ce, baka san kilomita nawa yaci ba kafin ya iso.

Shi kuma dunƙulallen, ƙarfe ɗaya ne, yafi araha, in fuskarsa tayi zane a goge a maida. Matsalarsa ƙara, zakaji giya na kaf-kaf in mota na tsaye, kuma dole farantin kulochin ya zama mai sifirin a jikinsa, in ba haka ba giyabos ɗin ne zai sha wahala.

Ni dai in direban haya ne mai Kaduna zuwa Zariya kullum da lodi, dunƙulalle zan ce masa. Motar gida kuma a maida irin nata. Kuma ka cewa makanike ya duba sil ɗin bayan inji tunda wajen a buɗe yake, in yana yoyon mai zai jiƙa sabon farantin.