Alkakin sallah da na yi oda a Birni bana

Bana ne karon farko tun da na yi aure da sallah ta zo ban kwaɓa alkaki da hannuna ba. Ina koyarwa a lakkol, azumi ya zo da zafi, ga mahaifiyata kwance, kullum in na tashi aiki sai hanyar likita. Da muka shiga goman ƙarshe na duba na ga ƙarfina ba zai kai ba. Gidanmu kuwa gidan baƙi ne. Da an sauko daga idi, an gama kallon hawan Sarkin Damagaram, dangin maigida daga Mirya da na wajena daga Zango duk nan suke biyowa, kuma ba a ajiye wa baƙon sallah ruwa zalla.

Wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancen wata Hajiya a cikin Birni, wadda ta daɗe tana yi wa mutane kayan gara. Ba ta da shago, ba allo a ƙofar gida. Sai ka kutsa lungu ka tambayi yara gidan mai alkaki, in ka kusa kuma ƙamshi zai ƙarasa da kai. Na iske ta a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, kasko biyu a kan murhu, 'yan mata biyu suna taya ta murza.

Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta ce, "Ɗiyata, alkaki ba ya son gaggawa. In ranar jajibere kike so, yau za ki faɗi adadinki, gobe ba zan karɓa ba." Na ce, "To Hajiya, a yi mini alkaki 50, dubulan 50, cincin tiya biyu, da nakiya ɗan kwano." Duka ya tashi jika 21, wato sefa dubu 21, na ba da kafin alƙalami jika 10. Ba ta rubuta komai ba, kuma ba ta manta ko ɗaya ba.

Alkakin nan shi ne dalilin rubutun nan. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san alkaki iri biyu ne a gari yanzu. Akwai na tasha, wanda ake yi wa matafiya tsaraba, da yawansa an cika shi da fulawa, an soya a gurguje, an tsoma a ruwan sukari an tsame. Waje ya yi ƙyalli, ciki fari fat, ko ya yi tauri har sai ka ji tsoron haƙorinka. Na Hajiya da alkama ake yin sa, ɓarzajjiya, ba niƙa mai laushi ba. Ana murje ta da mai, a kwaɓa da nono, a rufe a bar ta ta kwana har ta yi tsami, sannan a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe kaifin tsamin. Wannan kwanan shi ne abin da masu sauri suke tsallakewa, shi ne kuma yake ba alkaki ɗanɗanon da ya bambanta shi da kowane irin gato. Suyar ma a wuta kaɗan ake yi, don cikin ya nuna kafin bayan ya yi ja. Daga kasko sai cikin ruwan sukari da aka dafa da tsamiya, a bar shi ya sha sosai. Ta ce akwai mai zuma ga wanda ya nema, amma kuɗinsa daban, ni dai mai sukari na ɗauka.

Na kai wa mahaifiyata guda biyu da safiyar sallah. Ita ba ta fara da baki. Sai da ta ɓara shi biyu ta duba tsakiyarsa, ta ga zaƙin ya ratsa har ciki, launin ɗaya ne tun daga baya har tsakiya, sannan ta gutsura. Ta ce irin wannan ake jerawa a ƙwarya a kai gidan miji lokacin suna 'yan mata. Wata guda ke nan ba ta cin abin kirki, ranar ta cinye guda ɗaya. Wanda na ɓoye a roba mai murfi ya kai har bayan mun gama sitta shawwal, bai yi fumfuna ba, bai canja ƙamshi ba.

Nakiyar ma ta yi. An soya garin shinkafar ya soyu, an kirɓa ta da man shanu na gaske, citta da kanumfari da masoro sun fito amma ba su danne zaƙin ba. Tsofaffi ne suka fi cin ta, yara ba su kula ba.

Dubulan ya yi kyau a ido, siriri, an naɗe shi da fasali, yana narkewa a baki. Matsalarsa ba ta suya ba ce, ta ɗauka ce. A leda aka zuba mini, na hau kabu-kabu, kafin mu fita daga lungunan Birni kusan goma sun farfashe. Wadda duk za ta je, ta tafi da mazubinta mai murfi, ta shimfiɗa takarda a ƙasa, kuma ta rungume shi a cinya.

Cincin ne bai yi mini ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ya yi duhu, in ka tauna kana jin ƙaurin tsohon mai a maƙogwaro. Na gane shi aka soya a ƙarshe, cikin man da ya riga ya sha wuta tun safe. Bayan sallah da na koma mayar wa Hajiya da kwanon nakiya na gaya mata. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Gaskiyarki, ɗiyata, mai ya ƙare mini daren nan, kasuwa kuma ta tashi." Ta ɗauko jika ɗaya ta miƙo mini, na ce ta bari. Na ji daɗin yadda ta karɓi maganar, amma cincin ba abin oda ba ne tun farko. Fulawa kilo ɗaya, sukari, bota, ƙwai uku, madarar gari, ɗan gyaɗar ƙamshi, a murza a yayyanka, yara ma suna taya ka. Da yamma ɗaya an gama, kuma kai ka san man da ka zuba.

Sai maganar lokaci. Ta ce in zo bayan azahar ranar 29 ga azumi. Na zo, ba a gama ba. Na dawo bayan shan ruwa, akwai mata wajen shida a zaure suna jira. Ana cikin haka aka ce an ga wata, kowa hankalinsa ya tashi. Ban bar gidan ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga kitson yara ban ƙarasa ba. Ta karɓi aiki ya fi hannunta, wannan a fili yake. Alkaki kuwa ba abin da zai same shi in ya yi kwana uku a ajiye, don haka gara a ce da ita ranar 26 ko 27 ake so.

Abin sha ni na yi da kaina, kuma a nan na koyi wani abu da nake so mata su lura da shi. Alkaki da dubulan zaƙinsu ya kai, in ka haɗa su da zoɓo mai sukari da yawa, baƙo zai ci ɗaya ya ture faranti. Sai na rage sukarin zoɓon da rabi, na ƙara citta da na'a-na'a, na bar tsaminsa ya fito. Haka na yi wa lemun tsamiya. Tsamin yana wanke baki, mutum ya sake miƙa hannu. Kunun aya kuwa, da yake da dabino nake markaɗa shi, yana da nasa zaƙin da nauyi, abin gishiri yake so a gefensa. Na sayo gyaɗa tiya ɗaya a Kasuwar Dole, irin ta wajen Matamaye, na jiƙa ta a ruwan gishiri, na shanya, na soya cikin rairayi. Ko minti talatin suyar ba ta ci ba. Na haɗa da kilishi na jika biyu, na yayyage shi ƙanana don ya zagaya. Wannan farantin ne ya fara ƙarewa. Kunun aya dai a yi shi da safiyar ranar, kuma a tanadi ƙanƙara tun dare, don ba ya jure zafi. An ɗauke mana wuta da rana, wanda ya rage a bido kafin la'asar ya fara tsami.

Maza a zaure shayi suka ɗora, kamar kullum, har zagaye uku. Na aika musu da cuku da gyaɗa, na ɗora alkaki biyar a kai don kada a ce an hana su. Da aka zo zagayen farko, mai ɗacin nan, sai ga yaro an aiko a ƙaro alkakin. Ƙanin maigida har ya leƙo ciki yana tambaya, "Yaya, ke kika yi wannan?" Na ce a'a, na gaya masa inda na samo, don ɗiyarsa za a aurar bayan damina.

Idan aka lissafa, alkaki ɗaya ya faɗo mini a dala 40, wato sefa 200. Na tasha ya fi haka araha. Amma wadda ta taɓa sayen alkama ta kai inji, ta sayi mai da sukari da itace, ta tsaya kan kasko da azumi a baki, ta san Hajiya ba ta zalunci kowa ba.

Na riga na koma na ba ta kafin alƙalamin babbar sallah: alkaki 80, ashirin daga ciki masu zuma saboda mahaifiyata, da nakiya kwano ɗaya. Mun yi da ita zan karɓa saura kwana huɗu, kuma zan je da robata. Cincin da gyaɗa ni zan soya.