Fankar sama mai rimot, inci 56: ta yi, amma ba a kan kowane rufi ba

Iri biyu ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma kwalinsu kusan ɗaya ne. Akwai tsohuwar fanka mai kafasita (ɗan abin da ke taimaka wa injin ya tashi) da aka ƙara wa risiba, ɗan akwatin da ke karɓar umarnin rimot. Tana cin kusan wat 75. Akwai kuma mai injin BLDC, wato sabon irin inji mai cin wuta kaɗan, wadda ba ta wuce wat 30 zuwa 35. Ga mai sola da inbata a ƙauyukan Gaya ko Ringim, ta biyun ce abar saye duk da tsadarta, domin ko wuta ta yi rauni ba ta komawa juyin wahala.

Haɗin ba wuya, amma akwai abin da ke kashe ta tun ranar farko: tsohuwar regileta ta bango, wadda ake canza gudu da ita. A cire ta gaba ɗaya, a sa makunni na kunnawa da kashewa kawai. In aka bar ta, fanka za ta riƙa gurnani, risiba ya yi zafi, ƙarshe ya ƙone, a ɗora wa mai shago laifi.

Kafin taɓa waya a kashe babban makunnin gida, a cire layin inbata da na janareto, sannan a gwada da tasta, abin duba ko akwai wuta a waya. Waya mai milimita 1.5 ta isa. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa. A tsofaffin gidaje ja (mai wuta) da baƙa (ta dawowa) za a tarar. Makunni a kan mai wuta yake zama, ba kan ta dawowa ba, in ba haka ba fanka tana kashe amma wuta na jikinta. A mai risiba, wayoyi biyu na shiga daga gida, sauran su fita zuwa injin. Kada a juya su. A ɗaure da kwanekta mai noti. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin kwano na watan Afrilu, gam ɗin narkewa yake yi.

Wurin ratayewa ya fi komai. Silin ba ya ɗaukar fanka, sai katako mai kauri da aka kafe a jikin katakan rufi, ko ƙugiyar ƙarfe in rufin kankare ne. Ɗakin soro mai azara da gara ta ci, gara a haƙura a sayi ta tsaye. Fukafukai su yi nisan aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, kuma a tabbata an sa ɗan fil ɗin da ke hana notin sandar ratayewa kwancewa. Masu gaggawa sukan bar shi cikin leda.

Aibin fanka mai rimot: in rimot ya ɓata ko batirinsa ya mutu, sau da yawa ba yadda za a canza gudu. A kafe mazauninsa a bango inda hannun yara ba ya kai, kuma a kashe makunni in an ɗauke wuta, don dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona risiba.