Akwatin Sharpe na DVD: daɗi har wuya, sai da aka zo Waterloo

Akwatin da na saya shi ne mai ɗauke da fina-finai 14 na farko, waɗanda tashar ITV ta Ingila ta nuna daga 1993 zuwa 1997. Guda biyun da aka yi daga baya a Indiya, na 2006 da na 2008, ba sa ciki, kuma mai shagon bai ce mini uffan a kai ba. Kuɗin kun san yadda suke, ba sai na faɗa ba.

Wanda bai san labarin ba, Richard Sharpe sajan ne a rundunar Ingila lokacin da suke fafatawa da sojojin Napoleon a Fotugal da Sifen. Talaka ne tilis, ko ubansa bai sani ba. A 1809 ya ceci Janar Arthur Wellesley, wanda daga baya ya zama Wellington, daga hannun mahayan Faransa, aka ɗaga shi zuwa laftanar nan take. To daga nan ya shiga tsaka mai wuya. A wancan zamanin, da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa, sai a 1871 aka soke wannan tsarin, saboda haka 'ya'yan manya kallon bare suke masa, su kuma ƙananan sojojin da aka danƙa masa ba su ga dalilin da zai sa ɗan'uwansu talaka ya riƙa ba su oda ba. Sean Bean ne ya fito a Sharpe, kuma wallahi kamar don shi aka rubuta. Abin mamaki ma ba shi aka fara ɗauka ba, Paul McGann ne, ya ji rauni a gwiwa wajen buga ƙwallo bayan an fara ɗaukar shirin, aka nemo Bean.

Amma ni wanda ya tafi da imanina ba jarumin ba ne, mugun ne. Sajan Obadiah Hakeswill, wanda Pete Postlethwaite ya fito a matsayinsa a fina-finai biyu na 1994. Kai jama'a! Mutum fuskarsa na zabura ita kaɗai, ya cire hularsa ya leƙa ciki yana magana da uwarsa, yana ta faɗin shi ba ya mutuwa tunda an taɓa rataye shi yana yaro bai mutu ba. A gaban hafsoshi ya ƙame kamar ya fi kowa ladabi, da sun juya baya ya ƙulla wa na ƙasa da shi sharrin da zai sa a zane su da bulala. Ranar da muka kalli fim ɗin da a cikinsa ya kashe Teresa, matar Sharpe, ƙanena tashi ya yi ya fita waje, wai ba zai iya ci gaba da kallon wannan la'anannen ba. Fim ɗin da aka yi kan kame garin Badajoz a 1812 ma ya burge ni, domin ba su ɓoye ɓarnar da sojojin Ingila suka yi wa mutanen garin bayan sun shiga ba. A nan na ce kuɗina sun fita, har na fara tallata wa abokai.

Sai aka zo faifan ƙarshe.

Tun daga fim na farko Waterloo nake jira. Duk wanda ya ɗan karanta tarihi ya san abin da ya faru ranar 18 ga Yuni, 1815 a wancan filin na Beljiyam ta yau: Napoleon da mutum wajen 72,000, Wellington da wajen 68,000, ga kuma sojojin Farusiya (daular Jamusawa) na Janar Blücher da suka iso da yamma suka juya al'amarin. Me aka nuna mana? 'Yan tsirarun mutane, waɗanda in ka natsu za ka iya ƙirga su, suna kai da komo cikin hayaƙi. An turnuƙe ko'ina da hayaƙi don kada ka ga babu kowa a baya. Rundunar da ta girgiza Turai ko taron ɗaurin auren mai unguwa ba ta kai ba. A fina-finan baya wannan bai dame ni ba, domin yawanci faɗan 'yan mutane kaɗan ne a kan tudu ko cikin ƙauye, Sharpe da sajansa Harper mai bindiga mai baki bakwai da sauran mutanensa masu koren kaya, kuma hakan ya dace da su. Amma Waterloo fa? In ba a da kuɗin tara jama'a, ai gara a tsaya a gidan gonar La Haye Sainte kawai a nuna abin da ya faru a cikinsa, a bar mu mu riƙa jin ƙarar igwa daga nesa. Wurin nan ne ma kaɗai ya ɗan yi armashi.

Kada in yi zalunci, Paul Bettany ya yi ƙoƙari a matsayin Yariman Orange, ɗan sarkin Holan da ke ɓangaren Wellington, matashin da girman kai ya sa yake ba da umarnin da ke jefa sojoji cikin halaka. Sai dai an mai da shi wawa fiye da kima, har aka shirya cewa Sharpe ne ya harbe shi. Gaskiya ne an raunata Yariman a kafaɗa a ranar, amma sauran ƙagen marubuci ne. Mutuwar Hagman da Harris, sojojin Sharpe, kuwa ta ɓata mini rai, ba don sun mutu ba, yaƙi ne, sai don yadda aka yi ta a gaggauce. Mutanen da muka biyo tun 1809, musamman tsoho Hagman mai waƙa, a ce an sallame su cikin ƙiftawar ido.

Kamar hakan bai isa ba, faifan nawa ma ya riƙa tsayawa ana tsakiyar faɗan. Hoto ya daskare, murya ta yanke, sai ya yi tsalle ya wuce gaba. Na goge, na hura, na sa a wata na'urar, duk ɗaya. Da na ɗaga shi a haske sai ga ƙarzuwa zagaye da shi, alhali a matsayin sabo aka sayar mini. Na koma shagon, mutumin ya juya shi ya ce, "Alhaji, ai daga wajenka ne, mu a rufe muka ba ka." Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah." Dariya kawai ya yi.

Tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Nawa akwatin babu rubutun nan da ke fitowa a ƙasan allo, ga Bean da Turancin mutanen Sheffield, ga Harper da na Ayalan, wani lokacin sai ka mayar baya kafin ka gane me aka ce. Wuraren dare kuma hoton ya yi duhu da yawa. Sannan faifan Ingila lambar yanki ta 2 gare su, mu kuwa a ta 5 muke, don haka kwamfutata ta ƙi buɗe su sai da na canja mata yanki, abin da sau biyar kacal ake yarda ka yi. Ƙaramar na'urar DVD ta falo ce ta karanta ba gardama.

Da a ce a na Hakeswill na tsaya na rubuta wannan, tauraro biyar zan ba shi ban ko yi tunani ba. Yanzu uku ne, shi ma albarkacin Postlethwaite. Mai niyyar saye ya sa a buɗe masa a shago, ya duba bayan kowane faifai ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambaya ko na Indiya suna ciki kafin ya miƙa kuɗinsa.