Kaka biyu ina farautar talotalo da Maverick 88

Ranar da na gaya wa Baffa a waya cewa na sayi bindiga don farautar talotalo, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, talotalon ma sai da bindiga? Namu ai tsaba ake watsa masa a kama shi da hannu." Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, na dajin Amurka ba ya cin tsabar kowa." Tsuntsu ne mai idon tsiya. Ka ɗaga hannu ka kori sauro daga nisan yadi 80, sai dai ka ga ƙurarsa.

A jihar Mizuri nake zaune, kuma maƙwabcina ne, wani dattijo Bature, ya ja ni cikin harkar. Shi bindiga ƙirar Benelli yake riƙewa, wadda kuɗinta ya haura dala 1,500. Ni kuwa abin da uwargida ta amince a taɓa bai kai dala 400 ba, har da harsasai. Da haka na ƙare a kan Maverick 88, geji 12 (ma'aunin faɗin bututun ke nan), irin wadda ake ja da hannu a tura kafin kowane harbi. Kamfanin Mossberg ne ke yin ta tun 1988, ana harhaɗa ta a Eagle Pass da ke Tekzas, kuma kusan ƙanwar Mossberg 500 ce, har bututun waccan yana shiga wannan idan girmansu ɗaya. Dala 230 da 'yan kai na biya, bayan na cike fom an binciki tarihina kamar yadda doka ta ce.

Baƙa ce wuluk, gindinta roba, babu ado ko kaɗan. Bututun inci 28 ne, ya ɗan yi tsawo ga mai zama a gindin bishiya cikin sarƙaƙiya, sai ka kula kada ya sarƙe da reshe lokacin juyawa. Makullinta yana gaban kunama, ba a sama ba kamar na 500, kuma kwana biyu suka ishe ni sabawa. Tana ɗaukar harsashi mai inci 3. Dokar Mizuri ba ta yarda bindigar farautar talotalo ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba, don haka guntun sandan da ke cikin rumbun harsashin don rage yawan da take ɗauka, na bar shi inda yake. Ban saya mai launin daji ba, tef na dala kaɗan na naɗe ta da shi.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne bakin bindigar. Talotalo ba a harbinsa a jiki, gashinsa kamar sulke ne, ga ɓata nama. Kai da wuya ake nema, wurin da bai fi tafin hannu ba. Saboda haka ake murza wani ɗan ƙarfe a bakin bututun, cok suke ce masa, ya matse ƙwayoyin dalmar su tafi a dunƙule. Wanda ya zo da ita matsakaici ne, na kurciya da agwagwa. Na fara odar wani mai arha a intanet, ba zan kama suna ba, na kafa kwali a yadi 40 na zana da'ira mai faɗin inci 10. Abin da mafarauta ke nema shi ne ƙwaya 100 a cikin da'irar. Nawa ko 60 ba su kai ba, ga wani fili a tsakiya da kan talotalo zai wuce ta ciki lafiya lau. Arha ba ta ado. Na sake sayen wani mai faɗin baki inci .665, na gwada dalma lamba 5 (lambar girman ƙwaya ce, in ta ƙaru ƙwayar na ƙanƙancewa). A yadi 35 na cika ɗari, a 40 ta fara watsewa. Nan na ja wa kaina layi.

Maƙwabcin nawa ya ba ni harsashin TSS guda biyu in gwada. Ƙwayarsa ta tangistin ce, nauyinta giram 18 a kowane santimita kubik, dalma kuwa 11 da ɗoriya, shi ya sa ƙananan ƙwayoyi lamba 9 suke yin aikin manya kuma suna da yawa a kwanso ɗaya. Kwalin ya koma kamar rariya. Amma kowane harbi ya haura dala 10, sai na ce a kai kasuwa.

Shurinta kuwa, sai wanda ya ji. Bindiga ce mara nauyi, wajen kilo 3, kuma harsashin talotalo cike yake dam. Bayan harbi 8 a ranar gwaji, kwana uku ina ɗaga hannu da ƙyar wajen kabbara. Na sa mata matashin roba mai kauri a gindi, abin ya yi sauƙi.

Kakar bazara a nan tana buɗewa ranar Litinin ta 3 a Afrilu, mako 3 ake yi, kuma namiji ko mai gemu kaɗai ake harbi. Shekarar farko, a dajin gwamnati na Mark Twain, wani ƙato ya amsa kukan talotalon da dattijon ke kwaikwaya tun duku-duku, ya taho yana buɗe jela yana jan fikafikai a ƙasa har ina jin karcensu a busasshen ganye. Ya zo yadi 15. Zuciyata ta hau duka, na ɗaga kumatuna daga jikin bindigar don in ƙare masa kallo, na danna. Sama ta bi. A wannan kusancin ƙwayoyin ba su fi girman lemo ba, kuskuren inci biyu ya isa. Dattijon bai ce uffan ba, ya miƙo mini kofi. Laifin nawa ne, ɗigon saiti ɗaya ne a kan bututun kuma na san da haka. Daga baya na maƙala mata saiti mai ɗigo biyu, na gaba da na baya, wanda ke tilasta mini kwantar da kai.

Bana a yadi 28 na samu nawa. Na yi bisimilla na harba, na ruga da wuƙa na same shi da sauran rai na yanka. Kafin dare na yi rajistarsa ta waya da hukumar kula da namun daji ta jihar. Cikin ruwan sama da taɓo, sau ɗaya bindigar ba ta taɓa cije mini ba, kuma gogewa da ɗan mai kawai take buƙata.

Wanda kafaɗarsa ba ta son wahala ya duba geji 20 mai ƙaramin bututu, ita ma Maverick ɗin akwai ta. Wanda kuma ya ƙudura sai madubin saiti na hangen nesa zai ɗora, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki 500, don tawa ba ta zo da ramukan ɗaura shi ba. Baffa dai na tura masa hoto, ya ce gemun ya fi nasa tsawo, ya kuma tambaya ko an yi farfesu da ƙafafun. An yi, awa huɗu suna kan wuta kafin su yi laushi.