Gargaɗi ga masu babur kan mai tallan kamshaf ɗin tsere

Jama'a, musamman 'yan uwana masu ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega da masu jigilar shinkafa a fadamar Argungu, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallan kamshaf ɗin tsere a Facebook da WhatsApp, wato ƙarfen nan na cikin kan inji mai buɗe bawul, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Cewa yake na waje ne, wai da zarar ka ɗaura wa Boxer ɗinka, za ta ja buhu uku cikin yashi ko gezau. Ƙanena ya faɗa hannunsa, kuma ni na ranta masa kuɗin.

Sharaɗinsa a tura kuɗi tukuna, sannan ya ba direba saƙo a tasha. Kaya ya iso cikin kwali mai ƙyalli. Kwana tara da ɗaurawa, sai kan injin ya fara ƙas-ƙas. Da bakanike ya juye baƙin mai a tasa, ina tsaye, sai ga garin ƙarfe yana walƙiya a ciki. Ya kwance, ya miƙo mini kamshaf ɗin ya ce, "Yaya, shafa nan." Tudun da ke danna roka, wato ɗan hannun ƙarfen da ke tura bawul, ya cinye, ga tabon walda a gefe. Ashe tsoho ne aka yi wa ciko aka goge. Na kamfani ana gasa fuskarsa ta yi tauri, shi ya sa yake shekaru bai lashe ba. Wannan kuwa ya ci roka biyu, bawul ɗaya ya daki fistin ya lanƙwashe. Yaron nan da babur ɗin yake ciyar da gidansa, mako biyu yana zaune.

Abin da ya fi ci mini rai, ko da na gaskiya mai tallan ya aiko, ba shi ne maganin mai ɗaukar kaya ba. Kamshaf ɗin tsere yana barin bawul a buɗe ya daɗe, don haka ƙarfinsa sai injin ya ɗau wuta sosai yake fitowa. Wajen tashi da lodi ko hawan tudu, inda muke neman ƙarfin, raguwa yake yi, silo ma, wato aikin inji a hankali idan babur na tsaye, ba ya zama. Kuma injin da bai wuce cc 100 ba yana da iyakarsa.

Mai son babur ya ƙara ja, ya sa sifaket ɗin baya mai ƙarin haƙori biyu ko uku; gudu zai ɗan ragu, amma zai tashi da kaya. A saita bawul, a wanke matatar iska da kafireta, a duba kuloci da ringi.

Yanzu lambar mai tallan a kashe take, ya sauya sunan shafin, amma bidiyon tallan nasa shi ne dai, na babur mai hawa tudu da buhuna. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda. Mu ma jiya muka kai namu.