Tiyatar rage tumbi: asma ta lafa, amma atishawar hunturu tana nan

Tiyatar rage ƙiba da aka yi mini a wani asibitin kuɗi ita ce wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Hawan jini da ciwon gwiwa ne suka sa na amince da ita, amma abin da ya fi canzawa a jikina shi ne numfashi, kuma domin masu fama da asma irina nake rubuta wannan sharhi.

Ba tun yarinta nake da asma ba, ta same ni ne bayan na fara haihuwa, lokacin da jikina ya buɗe. Duk sanda ta tashi da ƙarfi sai a ba ni prednisolone, shi kuwa wannan magani yana sa yawan ci, ya ƙara ƙiba, ƙibar kuma ta ƙara tsananta ciwon. Likitan huhu ya bayyana mini cewa teɓa tana tokare ƙirji daga ƙasa har huhu ya rasa wurin buɗewa, sannan kitsen kansa yana fitar da sinadarai irin su leptin masu rura kumburi a jiki.

Da nauyi ya fara zubewa, tun watannin farko na ga bambanci. A da idan na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba na gama layi guda sai na nemi benci a shagon masu atamfa, na zaro Ventolin daga jaka ina shaƙa, ƙirjina yana kuka. Yanzu ina gama cefanena a tsaye, ina yin sujada ba tare da numfashi ya sarƙe ba, kuma maigidana ya shaida cewa minsharin da ke katse mini barci ya ragu ƙwarai. A wannan fanni tiyatar ta biya kuɗinta, kuma ina gode wa Allah.

Sai dai da hazon Disamba ya rufe Kaduna, atishawa da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci suka dawo yadda na san su. Haka ma turaren wuta a gidan biki da hayaƙin maganin sauro, har gobe suna tayar mini da su. Da na koka, likita ya ce: "Hajiya, tumbi muka rage, ba mu taɓa garkuwar jikinki ba." Maganarsa ta dace da wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Vermont ta Amurka, wanda ya nuna cewa saurin tsukewar hanyoyin iska ya ragu bayan tiyata ga waɗanda sinadarin IgE na jininsu yake daidai, amma bai ragu haka ba ga masu yawansa, wato waɗanda jikinsu ke bore wa ƙura da makamantanta. Don haka wanda asmarsa ta taso tun yarinta tare da atishawa da borin jini, kada ya sa ran abin da na samu dukansa.

Ƙorafina ga asibitin shi ne ba su zauna sun yi mini bayanin ƙwannafi yadda ya kamata ba. Irin wannan tiyata tana iya tsananta shi, alhali wata tiyatar rage ƙiba, wadda ake karkatar da hanji, ta fi rage shi, kuma ruwan ciki mai tsami da ke tasowa maƙogwaro da dare yana tayar da tari da asma. Na sha wahalar wannan kafin a ɗora ni a kan omeprazole, na kuma daina kwanciya da zarar na ci tuwon dare. Mai asma yana da haƙƙin jin wannan bambanci kafin ya sa hannu a takarda.

An hana ni magungunan rage ciwo na ibuprofen da diclofenac, kuma zan ci gaba da shan bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, wanda kuɗi ne na kowane wata da ya kamata mutum ya lissafa tun farko. Maganin shaƙa na rigakafi kuwa ban ajiye shi ba. Likitan huhu ne ya rage mini adadinsa bayan gwajin numfashi, kuma ya ce za mu sake dubawa idan hunturu ya wuce.