An hana ni kyanwa a Bradford

Ɓera ne ya kai ni. Gidan da nake haya a Bradford tsohon gini ne, irin jerin gidajen da ma'aikatan masaƙa suka zauna a da, kuma da sanyin Nuwamba ya shigo sai ɓeraye suka addabe ni a kicin, har buhun shinkafar da na sayo da ɗan karen tsada suka huda. Na yi abin da kowace 'yar Kano za ta yi, na ce bari in nemo kyanwa. Abokiyar aikina ta kwatanta mini wani gida a bayan gari inda ake ajiye karnuka da kyanwowin da ba su da mai su. Na hau bas da kwali a hannu, a zatona zan zaɓi ɗaya, in yi godiya, in dawo.

Matar da na tarar a bakin tebur, dattijuwa ce mai furfura, ta miƙo mini takarda shafi huɗu. Gidan nawa ne ko haya? Ina takardar amincewar mai gida? Awa nawa nake yi a wurin aiki? Akwai babban titi kusa? Wane likitan dabbobi zan yi wa kyanwar rajista a wurinsa? In na yi tafiya Najeriya wa zai riƙe ta? Na cika abin da zan iya. Da ta tambaye ni dalilin son kyanwar na ce saboda ɓera, sai na ga fuskarta ta sauya. Cikin ladabi ta ce ba za su iya ba ni ba. Ba ni da takardar mai gida, ina yin awa 12 a wurin aiki, ƙofata kuma a bakin titin mota take.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba tun da na zo ƙasar nan. Akwai mutane a bayana suna jin komai. Ni da nake aiki a gidan kula da tsofaffi, ake damƙa mini iyayen mutane in yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in kwana a kansu, ni ce yau aka auna aka ga ban isa riƙon kyanwa ba. Kyanwar da a unguwarmu maƙwabciya ke aiko yaro da ita a cikin kwando, har tana godiya an rage mata. Na tsaya da kwalina ban san inda zan ajiye shi ba. A raina na ce don baƙa ce ni, don lulluɓina ne. Ban gama wannan tunanin ba na ji ta gaya wa wani Bature da ɗansa kusan irin maganar da ta gaya mini, shi ma saboda gidan haya.

Har na juya ta kira ni, ta ce in ina son kyanwowi suna neman masu taimako ranar Asabar, ba biya. Haushi ne ya sa na amsa. Ina so in ga da idona abin da ke ciki da har ya fi ƙarfina. Yau wata 14 ke nan ina zuwa.

Aikin ba wani na ƙawa ba ne. Kwashe kashi, wanke kwanuka, sauya barguna, goge ɗaki da maganin ƙwayoyin cuta. Abin da ya kashe mini jiki shi ne takardu. Kowace dabba da fayil ɗinta: ranar da aka tsince ta, nauyinta, allurar da aka yi mata, abin da ta ci da safe, ko ta yi gudawa. Akwai wata ƙaramar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fatar wuya, in an kara mata wani abu sai lamba ta fito a gano mai ita. Tun 2016 doka ta wajabta wannan ga karnuka, a Yunin 2024 aka haɗa da kyanwowi a Ingila, wanda ya ƙi kuma tararsa na iya kai wa fam 500. Karen da aka tsinta a titi hukumar gari na riƙe shi kwana 7 ko mai shi zai zo. Ranar da na fara rubuta wa wata tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda yawan ruwan da ta sha, sai da na fita waje na yi kuka, don na tuna kwana biyun da muka yi a wani asibiti a gida ana neman katin Inna ba a gani ba, tana kwance a kan benci.

Kuma ba gwamnati ke riƙe da wurin ba. Sadakar jama'a ce, da shagon gwanjo da suke da shi a cikin gari, da tsofaffin da ke barin wasiyya. Sun daɗe da abin: ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta RSPCA tun 1824 take, gidan karnuka na Battersea a Landan tun 1860.

Kada ku ɗauka komai ya burge ni. A hanyata ta zuwa tashar bas nakan wuce mutum kwance a ƙofar shago cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, in isa in tarar an kunna wa kyanwowi na'urar ɗumama ɗaki. Wannan bai taɓa kwanta mini a rai ba. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wadda ta shekara ba wanda ya leƙo ta, alhali kare ɗaya a wurinmu mutum biyar ke layin fita da shi yawo. Sannan su waye ke zubar da dabbobin? Su ne dai. Sun saya lokacin kullen korona don kaɗaici, da rayuwa ta yi tsada, abincin gwangwani da kuɗin likita suka fi ƙarfinsu, sai ka wayi gari ka tarar da kwali a bakin ƙofa da 'ya'yan kyanwa shida suna rawar ɗari. Ganin likitan dabbobi kawai, kafin magani, ya isa cefanen mako a wurina.

Amma mu fa? Mu aka karantar tun muna makarantar Islamiyya cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Mu aka gaya wa an gafarta wa mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sunan Abu Huraira kansa daga 'yar kyanwa ya samo asali. Duk da haka yara su taru su yi wa mage ruwan duwatsu manya na zaune a dakali ba mai tsawatarwa, in baƙa ce ma a ce mayya ce. A ɗure jarirai a buhu a jefa kududdufi. Jaki da gyambo a gadon baya ƙuda na bi, a ɗora masa yashi a bi shi da sanda. Dattijuwar nan ba ta san hadisi ko ɗaya ba. Da na ba ta labarin matar da kyanwa sai ta yi shiru, ta ce to lallai a ƙasarku dabbobi na jin daɗi. Ban iya ba ta amsa ba.

Wanda na tuna a lokacin Kaka ce, Allah ya jiƙanta. Ba ta da fayil, ba ta da na'ura, amma kullum in ta dama fura sai ta zuba nono a wani fasasshen kasko a gindin rumbu, kuma ba mai cin tuwon dare sai ta tambaya ko an ajiye wa kuliya. Ita ma don ɓera ta ajiye ta, kuma ta riƙe amanarta har ta tsufa ta mutu a ɗakinta. Da an ba Kaka takardar nan mai shafi huɗu da ba ta ci ba.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa yanzu, allurar haukan kare. A nan masu aiki na sa hannu a bakin kare ba fargaba, don cutar ta daɗe da ƙarewa a karnukan Birtaniya. Mu kuwa har yau tana kashe mana yara, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos tun 1924, ga asibitin dabbobi a kowane babban birninmu. Jiya na kira ƙanina na tambaye shi karen da ke gadin gidan gona ko an taɓa yi masa allura. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, Turai ta canza ki." Na ce masa na tura kuɗi, ya kai shi ranar Litinin, ya ɗauko mini hoton katin.